Likitan Shayi

Ina gaishe ku duka, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Iliya. Ni ne mutumin nan da ke zama a bencin baya kusa da taga, wanda ke sulalewa kafin a gama gaisawa. Sau uku Baba Fasto yana cewa in tashi in ba da shaida, sau ukun ina miƙewa bakina ya ƙi buɗuwa. Rahila matata ce ta ce mini, "In ba ka iya faɗi, rubuta, a sa cikin takardar zumunta." To ga shi na rubuta. Ku yi haƙuri da ni, tawa shaidar ba irin mai sa a tashi da rawa ba ce.

Da can ni malamin dabbobi ne a Kebbe. Shekara tara ina bin rugage a kan babur da jakar magani a baya. Ban kai likita a takarda ba, amma Fulani ba su san wannan bambancin ba, Likita kawai suke kirana, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Sunan yana mini daɗi.

A cikinsu akwai wani dattijo, Buba, da ke sauka da shanunsa wajen Fakku duk damina. Mutumin nan ya yarda da ni fiye da yadda na cancanta. In na zo, ko kallon kwalbar magani ba ya yi. Sai ya kama ƙahon saniya, ya kau da kai, ya ce in yi aikina. In na gama matarsa ta kawo mini fura da nono a sabuwar ƙwarya.

Wata rana babur ya kayar da ni a hanyar Kebbe, bayana ya bugu. Aka ba ni tiramol na kwana biyar. Ciwon ya tafi, ni ban bar ƙwayar ba. Na gane in na sha, ramukan hanya ba sa damuna, rana ba ta damuna, kukan yara a gida ba ya damuna. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina lissafi. Na haɗa da kodin. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da ku, kwalba tana cikin aljihun wandona.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi muni, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Akwai wata allura da muke yi wa shanu, launinta kamar ruwan shayi marar madara. Sai na fara sayar da ta gaskiya in sayi ƙwaya, in dafa ganyen shayi in tace, in ɗura a tsofaffin kwalabe. Da shi nake yi wa shanun mutane allura. Ina soka sirinji, ina shafa bayan saniya, ina cewa Allah ya ba da lafiya. Ko gezau zuciyata ba ta yi.

A daminar nan ciwo ya shiga garken Buba. Na je sau huɗu, sau huɗun shayi na zuba musu. Shanu tara suka faɗi. A ciki har da Saye, saniyar da zuriyarta ta zo masa daga hannun mahaifinsa, wadda yake kira da suna ta taho daga nesa.

Kun san abin da ya tona mini asiri? Kiyashi. Ran nan na makara ban dafa nawa ba, sai na tsaya wurin mai shayi na ce ya zuba mini ruwan bunu a gora. Ban tuna ya riga ya sa sukari ba. Na ɗura shi a kwalba, na ajiye ta a gindin itace a rugar Buba, kafin a kamo saniya kiyashi sun yi wa kwalbar baƙi. Buba ya ɗauka, karo na farko a shekara tara. Ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Likita, tun yaushe maganin shanu yak koma zaƙi?"

Aka kai ni kotu, aka yanke mini shekara uku. Rahila ta faɗi tana kuka, ni kuwa abin da nake tunani shi ne inda zan samu ƙwayar gobe.

Makonnin farko a gidan yari jikina ya yi ta karkarwa, amai da zawo da ciwon gaɓoɓi. Da wannan ya wuce, na ɗauka hankalina zai dawo in ji nadama. Ba abin da ya dawo. Cikina ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka ji. A shekara ta biyu Rahila ta zo ziyara ta gaya mini mahaifiyata ta rasu, an binne ta tun jiya. Na ce to. Sai na tambaye ta ko ta zo da garin kwaki. Ta dube ni ta ce, "Iliya, mi kaka ji cikin ranka?" Na ce, "Ba ni jin komi." Gaskiya na gaya mata.

Ƙwaya tana shiga can ciki ma, kada ku yi mamaki. In na samu ina sha.

Wata safiya bayan an ƙidaya mu, aka tura ni share bayan ɗakin girki. Ina riƙe da tsintsiya sai na tuna an saba yin addu'a da safe a gidanmu. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba. Na ce, "Yesu, ni dai ba na jin komai. Ba na jin tsoronka, ba na jin kunyar abin da na yi, uwata ma ban yi mata kuka ba. In kana karɓar mutum a haka, ga ni." Na ci gaba da shara.

Ba haske, ba murya, ba hawaye. Da rana wani da muke ɗaki ɗaya ya miƙo mini ƙwaya biyu kamar yadda ya saba. Na dube su, hannuna bai tashi ba. Ba ƙoƙari na yi ba, 'yan'uwa, ba ni da ƙarfin yin ƙoƙari. Hannun ne kawai ya zauna a kan gwiwata. Washegari ma haka. Daga ranar har yau da nake rubutun nan, ko ɗaya ba ta sake wuce maƙogwarona ba. Yabo ga Ubangiji! Wannan aikinsa ne, ba nawa ba.

Da na fito, aiki ya riga ya tafi. Rahila ta dawo da yara Tambuwal inda take koyarwa a firamare, nan na same su. Wata shida ina zaune a ƙofar gida kamar turmi. In na hangi mai kaki sai in ga na tsuguna ban sani ba. Labarina kuwa ya riga ni isowa. Ran da na fara zama teburin mai shayi a bakin tasha, sai ya ɗaga buta ya ce da ƙarfi, "Likita, wane za a haɗa ma, na sha ko na allura?" Aka fashe da dariya, har da masu babur. Ni ma na yi dariyar. Daga nan sunan ya bi ni, Likitan Shayi. Bai yi mini zafi ba, kuma rashin zafin ne ya fi ba Rahila tsoro.

Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne duba dabba. Shi ne kuma abin da ba wanda zai sake bari in yi masa.

Malam Sani, wanda muka yi makarantar koyon aikin tare, yana da shagon maganin dabbobi kusa da kara, inda ake cinikin shanu da tumaki. Rahila ce ta je ta roƙe shi ban sani ba. Ya aiko na je. Bai ɓoye mini komai ba, ya ce, "Makulli dai ba ni ba ka, kak ka sa rai. Amma na san hannunka ya iya allura. Taho gobe." Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Na fara da kaji da akuyoyin cikin gari. Sai na kafa wa kaina doka. Kowace kwalbar allura tana zuwa da ɗan murfin ƙarfe da kamfani ya liƙe a bakinta, in an ɓalle shi ba ya komawa. Na daina ɓalle shi da hannuna. Sai in miƙa wa mai dabba in ce ya duba, ya ɓalle da kansa, in zuƙa a gabansa. Wasu su yi dariya, wasu har su shinshina. Wata tsohuwa mai tumaki ta lasa ta tofar, ta ce, "Wanga kam da ɗaci, yi musu." A haka a haka aka fara kirana gidaje. Amma Bafulatani ko ɗaya bai taɓa tsayawa a gabana ba. In sun shigo shago suka gan ni, sai su jira Malam Sani.

Ran wata kasuwa a daminar bara, ina jera kaya sai inuwa ta tare ƙofa. Na ɗaga kai, Buba ne. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Na ce Malam Sani ya fita, yanzu zai dawo. Ya ce, "Kai nika nema."

Ya ce wata karsana ce kwance kwana uku, ba ta ci, hanya ta lalace, duk wanda ya kira ya ƙi zuwa. Bai gaishe ni ba, ban kuma ga alamar ya huce ba. Malam Sani da ya dawo ya ji, ya ɗauko sabuwar kwalba ya sa a jakata, ya ba ni aron babur.

Daga Tambuwal zuwa Fakku mun sha laka. Sau biyu muna sauka mu tura.

Muka tarar da karsanar kwance a gindin wata ƙirya, tana numfashi da ƙyar. Na duba ido, na duba dasashi, na sa ma'aunin zafi. Ciwon da ya kashe shanunsa na farko ne, kuma maganinsa na cikin jakata, na gaskiya. Ina shafa wuyanta sai Buba ya ce, "Ɗiyar Saye ta. Ita ɗai ta rage."

Na fito da kwalba na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Baba, duba murfin, ka ɓalle da kanka."

Bai karɓa ba. Sandarsa na saɓe a kafaɗa, hannuwansa biyu a rataye a kanta, ko motsi bai yi ba. Na sake miƙawa. Ya ce, "Ni ban yi boko ba, Likita. Ko na ɓalle ban san abin da ac ciki ba. Da can ma ba kwalba niy yarda da ita ba." Sannan ya ƙara, "Saye ba ta dawowa, kuma ban mance ba. Buɗe."

Ya kama ƙahon karsanar, ya kau da kai gefe, daidai yadda yake yi a da.

'Yan'uwa, a nan ne abin ya same ni. Hannuna da bai yi rawa a kotu ba, bai yi rawa da mutuwar uwata ba, ya kama karkarwa har na kasa ɓalle murfin. Wani zafi ya taso mini daga ciki ya rufe fuskata. Na daɗe ban gane ko mene ne ba, don na manta kamanninsa. Kunya ce. Kunyar shanu tara ce ta iso ni bayan shekara biyar, a tsugune cikin kashin shanu, mutumin da na cuta ya juya mini ƙeya don kada ya ga abin da hannuna ke yi. Na ce a raina, na gode Yesu, ashe ban mutu ba. Na sa haƙori na ɓalle murfin, na yi allurar.

Bayan kwana huɗu na koma. Na tarar da karsanar tsaye tana fizgar ciyawa. Halleluya! Matar Buba ta kawo ƙwarya ta ajiye a gabana. Shi kuma ya ce, "Sha. Nan shayi babu, sai nono." Ban sani ba ko wasa yake yi, fuskarsa ba ta nuna ba. Na shanye tas.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke sarai ba. Har yanzu yawancin kwanaki shiru nake ji a ciki. Na je kabarin mahaifiyata sau biyu na tsaya, hawaye bai zo ba. Ana waƙa a sujada kuna tafi, ni ina kallon taga. Amma ina tashi da safe in san inda za ni. Rugage shida nake zagawa yanzu tsakanin Kebbe da Fakku, yarana sun daina sunkuyar da kai in an tambaye su aikin babansu, Malam Sani kuma ya fara barin mini shago in zai tafi masallaci.

Ina gode wa Allah saboda Rahila da ba ta tafi ba. Ina gode masa da ya karɓi addu'ar da aka yi da tsintsiya a hannu, ba ɗigon hawaye a cikinta. In akwai wani a cikinku da ke zaune kamar yadda na zauna, ba ya jin daɗi ba ya jin zafi, kada ka jira sai ka ji wani abu kafin ka kira Yesu. Kira shi a yadda kake, ka dogara gare shi, ya san abin da zai yi da kai.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Har gobe ina miƙa wa kowa kwalba ya ɓalle murfin da kansa, kuma kowa yana karɓa. Mutum ɗaya ne kawai ba ya karɓa, kuma duk ran da na je garkensa sai hannuna ya yi rawa.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.