Kakin da Ke Gaban Mota

Auta: Kawu, kana ji na? Ina yini?

Kawu: Lafiya lau, Auta, likitar gidanmu! Ya digiri, ya fara haihuwa?

Auta: Kai Kawu! Ya hanya, ya fasinja?

Kawu: Sai godiya. Ya jikin Yaya?

Auta: Inna da sauƙi. Tun da aka sa mata ɗan bututun nan a hanyar matsarmama idonta ya washe, ƙaiƙayin ma ya tafi. Jiya har faɗa ta yi mini.

Kawu: To ai ta warke!

Auta: Da saura. Ciwon dajin yana nan, kuma likita ya ce ba ya yankuwa. Amma kar ka damu, akwai hanya. Za a fara mata ƙarin ruwan maganin daji, a haɗa da wani mai tayar da garkuwar jiki. Kuma yanzu akwai ƙwayoyin haɗiya da ke yi wa wasu aiki, sai dai sai an gwada tsokar ciwon an ga ko za su yi wa irin nata aiki. Ni na tayar da maganar, ya ce a kawo.

Kawu: A sake huda ta?

Auta: Ina! Wurin da wuyar kaiwa, ɗan abin da aka samu wancan karon shi ke nan. Yana cikin kakin da tsohon asibitin ya ba ka.

Kawu: Kaki? Rabona da kaki tun ina aikin gadi.

Auta: Kakin kyandir, Kawu! Ɗan farin abu a jikin roba, bai kai akwatin ashana ba.

Kawu: Au, wannan? Na zaci sabulun talla ne. Yana da amfani kuwa, da shi nake tokare waya a jikin gilashin gaba.

Auta: Innalillahi! A cikin zafin ranar nan?

Kawu: Ya ɗan yi laushi ta gefe...

Auta: Tsokar Inna ce a ciki!

Kawu: Subhanallahi! Yayata nake gasawa?

Auta: Duba tsakiyar. Akwai ɗigo mai duhu?

Kawu: Yana... kai mai babur, kauce!... yana nan daram.

Auta: Alhamdulillahi, mun tsira. Ka tsaya yanzu, ka sa shi a inuwa, gobe na kai musu da kaina.

Kawu: Ai in na zare shi wayar faɗuwa za ta yi.

Auta: Ta faɗi! Zare shi, Kawu, ka kawo mini shi yan—