Mai Ɗanɗanon Nono a Kwanar Dangora

A tashar Kwanar Dangora, inda 'yan matan Fulani ke jera ƙoren nono, wani mutum mai tsohuwar kwat yana bin ƙoren ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa da ludayi. Wani dattijo ya dogara da sandarsa yana kallonsa.

"Baba, ka ga wannan?" in ji mai kwat. "Kindirmo ne na gaske, na shanun Doguwa. Wancan kuwa an sirka shi da kuka da ruwa."

"Ikon Allah. A harshe ka gane?"

"Shekara goma sha biyu ina aiki a masaƙa a Kano, kullum fura ce abincin ranata. Ni ba a yi mini algus."

"To, na ukun fa?"

"Ya kwana biyu, ya yi tsami. Bari in sake taɓa na farkon in tabbatar."

"Taɓa mana. Amma yaran nan uku duk 'ya'yana ne. Nonon garke ɗaya ne, a ƙwarya ɗaya ya kwana, da safe uwarsu ta raba musu."

Mai kwat ya ajiye ludayin.

"To, wataƙila ludayin ne."

"Wataƙila. Wanne za a dama maka?"

"Ai mota nake jira, Baba."

"Motar Kano uku ta tashi kana tsaye. Har yanzu kana masaƙar?"

"An sallame mu tun bayan ƙaramar salla."

Dattijon ya waiwayi babbar 'yarsa.

"Barakatu, dama masa fura a babbar ƙwarya. Ki zuba masa mai kukar, ya fi riƙe ciki."