Jiki Aka Ce, Ba Gawa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Abdurrahim; malamanmu da limamanmu; dattawan unguwar Agege da na Ogba; shugabannin 'yan albasa da 'yan dako na kasuwar Mile 12; lauyarmu, Barista Halima Sa'adiya; iyayena mata da 'ya'yana; jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga kwamitin walima. Sun tausaya wa shekaruna, sun ce in zauna a karanta jawabina a madadina. Na gode, amma ni Bara'atu Ladan a nan Agege aka haife ni, a nan na yi makarantar da ake koyar da Latin da bulala, a kotunan birnin nan na yi aikin tafinta har na yi ritaya. Na kwashe ƙuruciyata ina faɗin maganar wasu da bakina; ba zan bari a tsufana wani ya faɗi tawa da nasa ba.

Ga waɗanda suka zo daga nesa, ga abin da ya tara mu. Isma'ila ɗan dako ne a Mile 12. Bara, rikici ya tashi a bakin kasuwa, aka zo kame, aka haɗa da shi alhali buhun albasa na kansa. An kai shi gaban alƙali sau ɗaya, aka mayar da shi inda ake tsare da shi, sai labarinsa ya ɗauke. Matarsa Mastura ta yi jiran da ba ta san ƙarshensa ba. Yau ga shi a cikinmu. Kalmomi huɗu na Latin, harshen Rumawan dā da lauyoyi suka gada, su suka bi da mu wannan hanya: biyu sun kusa hallaka mu domin ba mu san su ba, biyu kuma sun yi mana aiki domin mun san su. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce sine die. A wancan zama na farko, mutum ɗaya ne daga cikinmu ya bar rumfarsa ya je kotu, shi ne Mato mai albasa, ɗan garin su Isma'ila. Ku riƙe wannan kafin ku yi masa dariya. Mato ya dawo da murnarsa ya ce da Mastura, “Kwantar da hankalinki, alƙalin ma yana jin Hausa. Da bakinsa ya ce, sai ni dai. Wato shi da kansa zai duba maganar, kada kowa ya sa baki.”

Jama'a, haka lauyoyinmu ke furta kalmar, kunnen Mato bai yi ƙarya ba. Amma ma'anarta ita ce: ba tare da rana ba. An ɗage shari'a, ba a sa ranar dawowa ba. Mu muna zaune muna jiran alƙali ya kira mu, ita kuwa shari'ar an kwantar da ita, ba mai tashinta sai wanda ya je ya nema. Damina ta wuce, azumi ya zo ya wuce, muna ta ladabi ga maganar da ba a faɗa ba.

Da Mastura ta gaji, ta zo gidana. Ta ce, “Hajiya, an ce kin san bakin kotu. Shin alƙali yakan manta da alkawari?” Na ce ta maimaita mini alkawarin. Tana maimaitawa na ɗauki mayafina. Na hau motar haya ta danfo da ƙafata, na je ofishin lauyarmu, wannan baiwar Allah da ke zaune a gabanku, wadda na koya wa karatu a tsakar gidana tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Ban roƙe ta ba. Na gaya mata abin da ya faru, ita kuma ta san abin da ya hau kanta.

Ta biyu ita ce habeas corpus. Ma'anarta: ka zo da jikin. Umarni ne da babbar kotu ke bai wa duk wanda ke tsare da mutum, cewa ya kawo shi da ƙafafunsa, ya bayyana dalilin tsare shi. Ba a yarda da “yana nan lafiya” ba, ba a yarda da “za mu bincika” ba. Kotu na so ta ga mutumin da idonta. A duk kalmomin da na fassara a rayuwata, babu wadda nake ƙauna kamar wannan, domin ita ce ke buɗe ƙofar da aka rufe aka manta da na ciki.

Barista ta nemi wannan umarni, aka ba ta. Mato yana wurin, kamar kullum. Ita ta wuce wani ɗakin shari'a, shi kuwa ya tambayi wani a bakin ƙofa me aka ce. Aka gaya masa da Turanci cewa an ce a kawo jiki. Ya haɗa wannan da kalmar da ya ji a ciki, wadda ta yi kama da sunan gawa a Turanci. Ya hau okada yana hawaye.

Kafin labari ya iso ni, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Isma'ila. Na tarar da maza suna karɓar gaisuwa, mata suna kuka, Mastura kuwa ta cire 'yan kunnenta, an zaunar da ita a ƙuryar ɗaki za ta shiga takaba. Na tsaya a tsakar gida na ce, “Wa ya ga gawar?” Ashe ba wanda ya gan ta. Na ce a kira mini Mato.

Ya ce, “Hajiya, ranki ya daɗe, da kunnena na ji.”

Na ce, “Ɗan nan, kunnen nan naka ai mun taɓa gwada shi. Faɗa mini abin da ya shiga cikinsa, ba abin da ya fito ba.”

Ya yi ta fama da harshensa har kalmar ta fito a karye. Na gane ta. Na shiga ɗaki, na ɗauki 'yan kunnen na sa wa Mastura a tafin hannu. Na ce, “Mayar da su, 'yata. Mijinki aka ce a kawo.” Ta dube ni ta ce, “Hajiya, kada ki tashe ni in sake faɗuwa.” Na ce mata ban taɓa ƙara ko rage kalma a gaban alƙali ba, ba kuwa zan fara a ɗakinta ba. Aka naɗe tabarmi.

Ta uku ita ce prima facie, wato a kallon farko. Ranar da aka kawo shi, a rame amma da ransa, alƙali ya tambayi masu tsare da shi: ina abin da ko a kallon farko zai nuna cewa mutumin nan ya yi laifi? Suka duba jakunkunansu, suka dubi juna. Ba shaida, ba mai ƙara, ba ma wanda ya tuna dalilin kama shi.

Ta huɗu ita ce audi alteram partem: a saurari ɗaya ɓangaren. Wannan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa. Alƙali ya ce Isma'ila ya yi magana. Tun ranar da aka kama shi, wannan ne karo na farko da wani mai iko ya tambaye shi me ya faru. Ya ce, “Ranka ya daɗe, albasa na ɗauko.” Iyakar shari'ar ke nan. Kafin la'asar yana gida.

To, jama'ar Agege, mun yi nasara, kuma ina so ku san irin nasarar da muka yi. Ba mu fasa ƙofar kowa ba, ba mu durƙusa wa kowa ba, ba mu nemi alfarma ba. Haƙƙinmu muka kira da sunansa, ya amsa. Mun iya Yarabanci domin ciniki, mun iya Turancin titi domin shiga mota. Me zai hana mu iya kalmomin da ake ɗaure 'ya'yanmu da su, ake kuma kwance su? Saboda haka, duk Asabar da hantsi ƙofata a buɗe take. Ba na karɓar komai, ba na kuma jiran wanda ya makara. Ɗalibina na farko ya riga ya zaɓi wurin zamansa a gaba. Mato ne, kuma ina alfahari da shi, domin wanda ya ji ba daidai ba ya fi wanda bai je ya ji ba.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda aka rufe aka manta. Allah Ya ba alƙalanmu ikon yin adalci, Ya yi wa lauyarmu albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da Agege da ƙasarmu cikin aminci.

Saura abu ɗaya. Akwai waɗanda suka zo gaisuwar mutuwa a gidan nan, ba su kuma ga komai da idonsu ba tun daga ranar. Isma'ila, tashi tsaye. Mastura, tsaya kusa da mijinki, a ga 'yan kunnen.

Kotu ta ce a kawo jikin. Jama'a, ga shi.

Na gode.