Zoben Inna da Aka Yanke Sau Biyu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, musamman ku da kuka yi ta zaryar asibiti saboda ni.

Sunana Rahila, ina koyarwa a wata firamare a nan Dutse. Kun san ni da shiru-shiru, amma yau bakina ya cika.

A gidanmu, can wani ƙauye wajen Miga, mata masu jiki ne, har ana ce mana 'yan hutu. Kakata ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi, ba ta sake magana ba. Inna kuwa ina shekara goma sha biyar ɓarin jikinta ya shanye. Hannunta ya kumbura har sai da maƙeri ya yanke zobenta na azurfa. Bayan wata biyu muka binne ta. Mutane suka ce jifa ne. Na sa aka liƙe zoben, na riƙa sa shi. Da na yi aure, jikina ma ya fara bin sahunsu.

Bara na haifi 'yata Salama. Goggo Talatu, ƙanwar Inna, ta zo unguwarmu Limawa ta yi mini jego. Kun san yadda ake yi: wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa cike da kwano, gasasshen nama da yaji da gishiri. An gaya mini a asibiti jinina ya hau lokacin da nake da ciki, in dawo a auna ni. Ban koma ba. Goggo ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, ni kuma na kasa musa wa mai fuskar uwata.

Na yi ta cika. Masu zuwa barka suna cewa, "Kai, jego ya karɓe ki!" Goggo tana dariya: "Ku dubi wuyan nan, sak na uwarta."

Ba su san kaina yana sara kamar ana daka a ciki ba. In na kwanta numfashi ya maƙale, a zaune nake barci.

Wata safiya zan yi wa Salama wanka, na so cire zoben kada ya karce ta. Ya ƙi fita. Na sa sabulu, na sa man gyaɗa, ya nutse cikin yatsana. Na dubi hannuna, sai na ga hannun Inna. Ni na yi shekara goma sha biyar da uwa. Salama kwananta ashirin.

Na durƙusa a gefen baho ina kuka, na ce, "Ya Yesu, ban san ko jifa ne ko jini ba. Kada Ka bari yarinyar nan ta san ni a zobe kawai."

'Yan'uwa, ruwan wankan bai huce ba sai ga sallamar Mama Saratu, tsohuwar nas ɗinmu ta zumunta, ta zo ganin jaririya. Ta danna ƙafata, yatsanta ya nutse kamar a tuwo, wurin bai taso ba. Ta ciro abin awon jini daga jakarta, ta auna ni.

Ta ce, "Talatu, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yanzu za mu asibiti."

Goggo ta ce, "Haba Saratu, mu ma haka aka yi mana, muka tashi garau."

"Ku nawa kuka tashi? Ina yayarki?"

Goggo ta zauna a ƙasa. Daga baya ita ta goya Salama ta biyo mu.

Kwana tara na yi a gado. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ya ce hawan jini yana bin wasu gidaje, yana taurara jijiyoyi a hankali, nauyin jiki da gishiri da kanwa kuma suna rura shi. A nan aka yanke zoben karo na biyu.

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Kullum ina shan ƙwaya, ina taka ƙafa zuwa makaranta, an kuma ce in dakata da haihuwa, wataƙila har abada. Goggo ma an auna ta, jininta ya fi nawa hawa. Ta koma ƙauye da magani, ban san ko tana sha ba. Ku sa ta a addu'a.

Amma ga ni a tsaye! Jiya Salama ta ce "Mama". Halleluya!

Ban sa an liƙe zoben ba wannan karon. In ta girma zan nuna mata tsagar, in gaya mata abin da ta gada da abin da za ta kiyaye a tukunyarta.

Na gode wa Ubangiji da Ya ji ni a gefen baho. Ku dogara gare Shi, in kuma Ya aiko muku da mai abin awo, ku miƙa hannu. Amin.