Layi Biyun da Baba Ya Raba Mana

Mai girma shugabar taro, magajin garinmu, fastonmu, Dakta Ingunn da ayarinta masu nutso, baƙinmu da suka taso tun daga Holan, 'yan uwana masunta maza da mata, barkanku da zuwa. Na gode da kuka ba tsohuwa irina lasifika, alhali kun san halina.

Na farko, asiri. Kowa a tsibirin nan ya san masunci ba ya faɗin inda yake kamu. Babanmu yana da wuri guda, inda wani jirgi ya nutse shekaru ɗari uku da suka wuce, kifi ya mai da shi gida. Da ido ake gane wurin, inda layi biyu suka haɗu. Da zai rasu sai ya ba ni ɗaya: hasumiyar coci ta daidaita da tsagin dutse. Ɗayan ya ba ƙanena Torleif, ga shi can yana sunkuyar da kai. Wayon tsoho ke nan, dole mu fita tare. Shekara arba'in ina kallon cocina, yana kallon abinsa, sai ya ce "nan" mu jefa taru.

Na biyu, tsoro. Bara wani baƙon jirgi ya zo yana shawagi da na'urori, irin masu kwashe kayan teku su sayar. Ingunn ta ce mini, "Inna Ragnhild, doka tana nan, tamu da ta ƙasashe, amma ba ta iya tsare abin da ba a san inda yake ba." Na ba ta layina. Mako biyu suna nutso, ba komai sai yashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na je wurin Torleif. Ya ce, "Yaya, in wurin ya hau taswira an hana ni jefa taru. Me zan ci, takardar yabo?" Na ce, "Kai da ko haƙoran cin kifin ba ka da su." Wata guda bai gaishe ni ba, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na uku, cokali. Akwai wani tsohon cokali da tarun Baba ya taɓa fitowa da shi, da shi Torleif yake motsa kofi. Ingunn ta ga sunan wani ɗan Holan a jikin cokalin, ta rubuta wasiƙa zuwa can, sai ga amsa daga Uwargida Marijke, wadda ke zaune a gabanku: mai sunan kakan kakanninta ne, ya tafi a jirgin nan bai dawo ba. Torleif ya karanta, ya ce, "Ashe a kan kabari nake cin abinci." Washegari ya ɗauki Ingunn a kwalekwalenmu, ya nuna mata layinsa da yatsa.

Yau jirgin da ya nutse yana inda yake, doka tana tsare shi, ba mai ɗaga ko ƙusa, ba mai sayar da ko ƙusa. Ni kuwa na ɗauka tunda asiri ya ƙare, fitarmu tare ta ƙare. Yau da safe sai ga shi yana buga ƙofata: "Yaya, ba za ki fito ba? Da wa zan yi faɗa?"

Allah ya ba mutanen jirgin nan hutu, ya mai da baƙinmu gida lafiya, ya tsare duk mai fita teku. Allah ya ba Torleif wani wurin kamu, da wani cokalin.

Na gode.