Ɗigon Jan Farce a Kan Tab ɗin Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, babban Kawu na wannan zuri'a, wanda in ya yi gyaran murya har fanka kan rage gudu; mai girma uwar kowa, Kaka, wadda dominta aka hayo kujerun nan; iyaye mata da ke layin gaba; surukai da aka ajiye inda rana ke duka; Yaya Injiniya mai karatun kwamfuta; yaran da ke rataye a taga; jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwa irin ta manya.

Ni ne Farfesa, Babban Daraktan Hukumar Kula da Kwamfutocin Hannu ta Duniya, sashen tsofaffi. Ɗazun nan jirgina ya sauka. Na ga wasu suna ƙus-ƙus, wai na yi kama da wani yaron gidan nan da ake kira Fitinanne. An sha gaya mini haka a ƙasashe da dama. Ban taɓa ganinsa ba, amma labari ya iso ofishina cewa yaro ne mai hankali wanda danginsa suka kasa fahimta.

Ina godiya da gayyata. Ina godiya ga wanda ya miƙo mini lasifika kafin ya duba fuskata da kyau. Ina kuma godiya ga mai wannan babbar riga, duk da ban da tabbacin ya san ta fito.

Jama'a, abin da ya tara mu ƙarami ne a hannu, babba ne a zuciya. Kaka tana da kwamfutar hannu, wadda kowa ke kira tab. Da ita take ganin fuskar autarta da ke aure a wata ƙasa mai nisa, da ita take ganin jikokinta na can suna tsiro haƙora. To, tab ɗin ta tsufa. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, manhajar kiran bidiyo kuma ta sanar cewa daga ƙarshen watan nan ba za ta ƙara aiki a kan tsohon tsari ba. Ko dai a bar ta da babbar manhajar da ta zo da ita, kira ya mutu. Ko a goge, a ɗora mata wata daban, irin wadda masu sha'awar abin suka haɗa kyauta, a ga abin da Allah zai yi. A kan wannan gida ya rabu biyu, har ana wuce juna a tsakar gida ba gaisuwa.

Kafin wani ya ɗaga hannu ya ce a sayo sabuwa, hukumata ta bincika. An sayo sabuwa bara. Tana nan a ɗakin Kaka, lafiyarta ƙalau, a kanta ake ɗora kofin shayi. Kaka ta ce ba ta da maɓalli a ƙasa, kuma abin da ba shi da cibiya ba za ta amince masa ba. An rufe wannan babi.

Batu na farko, hujjar mai girma shugaban taro. Kawu ya ce abin da kamfani ya sa, kamfani ya san dalilinsa. Ya ce duk wanda ya taɓa cikin na'ura ya zubar da garanti. Ina girmama wannan magana, sai dai garantin tab ɗin nan ya ƙare tun yaran da ke taga ba su fara tafiya ba. Amma Kawu yana da wata hujja mai nauyi, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Kaka ba ta karanta boko. Ku duba gilashin tab ɗinta, za ku ga ɗigo-ɗigon jan farce da autar ta ɗiga mata kafin ta tafi. Ɗigon ƙasa, a buɗe. Ɗigon tsakiya, a shiga wajen kira. Ɗigon sama, auta ta fito. Kaka ba ƙananan hotunan manhaja da ake dannawa take bi ba, ɗigo take bi. Ranar da wani jika ya ja hotunan nan gefe don ya yi wasan mota, Kaka ta danna ɗigonta kamar kullum, sai kira ya tafi wajen mai gyaran famfo. Ba ta jira ganin fuska ba, ta shiga zayyana masa halin kowace suruka a gidan nan, ɗaya bayan ɗaya. Bawan Allah ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, amma wane famfon ne ya lalace?" Tun daga ranar, in ya zo aiki, wata surukar ba ya iya haɗa ido da ita. To Kawu ya ce, in jan hoto ɗaya ya jawo wannan, ina ga an sauya gidan gaba ɗaya?

Batu na biyu, hujjar Yaya Injiniya. Ya ce sabuwar manhaja ta fi sauƙi, ta fi gudu, ba ta zuwa da tarkacen da ba a iya gogewa, kuma kira zai ci gaba. Gaskiya ya faɗa. Matsalarsa ɗaya, in ya fara bayani sai ka ji kamar ana karanta takardar magani. Bari in fassara muku shi da harshen mutane. Ɗora sabuwar manhaja kamar wanke allo ne. Ba a rubuta sabon karatu sai an wanke tsoho, kuma ba a wanke tsoho sai an tabbata ya zauna a ka. Wanda ya wanke kafin ya haddace, shi da malam ne. Na san wannan ne daga, to, daga wata jami'a da na yi a zaune a ƙasa. Saboda haka hotuna da lambobi sai an kwafe su waje guda tukuna. Kuma ko an yi komai daidai, akan samu tab ɗin da za ta yi baƙi ƙirin ta ƙi tashi. Wannan ma gaskiya ne, Injiniya ba ya son a faɗa da ƙarfi ne kawai.

Da na ga kowa na da gaskiya, kuma lokaci na tafiya, sai hukumata ta ce a yi gwaji. Ba a gwaji a kan Kaka. Muka nemi wani dattijo mai irin tab ɗinta sak, domin tare aka sayo su. Dattijo ne mai tsananin ƙin canji, mai cewa ko ƙura aka share masa a na'ura zai gane. Aka yi sa'a ramin cajinsa ya lalace, ya ba wani yaro ya kai gyara. Yaya Injiniya, kada ka sunkuyar da kai, tare muka yi. Shi ya kwafe komai, ya goge, ya ɗora sabuwa. Ni kuma na zauna na mayar da kowane hoto mazauninsa, na mayar da hoton bango, na mayar da ƙarar kira, har wata manhajar da ba ta aiki na mayar da ita inda take don kada a yi kewarta.

Jama'a, makonni ke nan dattijon yana amfani da ita. Ya yaba gudunta. Ya gaya wa maƙwabta cewa kayan kamfani ba a taɓa su, ga tasa nan sai ƙara lafiya take. A cikinta ya rubuta sanarwar wannan taro na hana canza manhaja.

Ranka ya daɗe shugaban taro, a zauna tukuna, ban gama ba.

Amana ta sa in faɗi aibin da muka gano. Kyamara ta ragu. Hoto yana fita dishi-dishi, kamar an ɗauka ta bayan labule. Dattijon ya lura da wannan, sai ya je ya canza tabarau. Sabon ya yi masa kyau ƙwarai, kowa na iya gani daga nan.

Wannan aibi ba ƙarami ba ne, domin in an yi wa Kaka haka, autarta za ta riƙa ganinta a dushe. A nan ne na yi abin da ɓangarorin biyu suka manta. An yi zama, an yi musu, an kira 'yan uwa na nesa a waya, amma ba wanda ya shiga ɗaki ya tambayi mai tab. Na shiga, na zauna a bakin gado, na yi mata bayani. Ta ce, "Kai ɗan nema, in na taɓa jan farcen, za ta fito?" Na ce za ta fito. Ta ce, "Ni zan gan ta sosai?" Na ce ke za ki gan ta tar, ita ce za ta gan ki dishi-dishi. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yo me ya rage a fuskar nan da ba ta haddace ba? Ai gara ma, ta daina tambayata me ya sa na rame. Ni ce nake son ganin tata."

Don haka, ya ku jama'a, shawarar hukumata ita ce a ɗora sabuwar manhaja kafin wata ya ƙare. Injiniya ya yi aikin ciki, a mayar da kowane hoto ƙarƙashin ɗigonsa, kuma kada a miƙa wa Kaka sai an danna kowane ɗigo an ga inda ya kai. In tab ɗin ta ƙi tashi, akwai wata irinta da aka riga aka gwada, kuma na san mai ita ba zai hana mahaifiyarsa ba.

Allah ya ƙara wa Kaka lafiya da nisan kwana. Allah ya haɗa fuskarta da ta autarta ba ta gilashi kaɗai ba. Allah ya haɗa kan gidan nan, ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, ya sanyaya zuciyar shugabanni, musamman na kusa da ni.

Saura magana ɗaya. Babu hukuma, babu jirgi, babu Farfesa. Ni ne Fitinanne, jikan Kaka, kamar yadda kuka gane tun daga sallama. An ce yau ba za a ba yara lasifika ba, ni kuma ina ɗauke da saƙon da ba wanda ya je ya karɓo. Ni na tsara jawabin nan da kaina, a ɗakin Kaka, tana ji tana gyara mini. Na so in cire zancen tabarau, ita ta ce a bar shi. Ta kuma ce in na ga Kawu ya laluba sandarsa, in ajiye lasifika in zo bayan kujerarta.

Kaka, matsa kaɗan, ga ni nan.

Na gode.