Ruwa Mai Tsawa

A rumfar jiran mota, wani kafinta yana fifita da hularsa, wata dattijuwa tana kallon gabas.

"Wannan zafi na ruwa ne, ɗana. Cikin makon nan zai sauka."

"Allah ya kawo yayyafi, Inna. Akwai rufin da ban gama ba, kada iska ta yaye shi."

"Ni a ba ni mai tsawa, har tagogi su girgiza."

"Ba kya tsoro?"

"'Yata ce matsoraciya. 'Ya'yanta uku, hidima ta hana ta nemana. Amma da an yi tsawa sai ta bugo waya, wai tana duba lafiyata."

Kafintan ya yi dariya.

"To, Allah ya kawo mai tsawar. Ni zan ƙara ƙusa."